Baba Eleuterio, Mai Awon Ƙafa da Yamma

Da sanyin safiya Baba Eleuterio yake buɗe shagonsa a bakin kasuwar garinmu Túquerres, ya ɗora shayin mazarƙwaila a wuta, ya zare allura. Ɗinkin takalma ne aikinsa, kuma mu masu babur muka fi damunsa. Amma duk wanda ya zo awo da safe, korarsa yake yi. Sai ka wuni a hanya, ƙafa ta kumbura, sannan ya zaunar da kai a kan babur ɗinka ya auna. A cewarsa, ƙafar safe maƙaryaciya ce. Na sha jin haushin wannan taurin kai, har ranar da na yi tafiyar wuni guda na sauka ban ɗingisa ba.

Maganar Arbey, wani ɗan'uwanmu mai babur, ce ta sa na yi wannan rubutu. Madara yake kwasowa daga gonakin kan dutse, da ita yake ciyar da gidansa, kuma ciwon suga ya kashe masa ji a ƙafar dama. Mu nan idan sanyi ya ratsa mu a hanya, dabararmu ɗaya ce: a jingina dunduniya da salansar babur a ji ɗumi. Wata rana Arbey ya kawo takalminsa na roba a liƙe masa, dunduniyar ta narke.

Baba ya juya takalmin, ya ajiye.

"Cire safar nan."

"Haba Baba, liƙi na kawo, ba wanka na zo yi ba. Madara za ta yi tsami."

"Ta yi mana, a yi cuku da ita. Cire na ce, ɗan nan."

Ƙuna ce a dunduniyar, har ta fara ruɓewa, shi kuwa bai sani ba. Waɗanda ke wurin sun ce Baba ya zare makullin babur ɗin ya jefa aljihu, ya tasa shi gaba sai asibiti. Likita ya ce da an ƙara jinkiri, sai dai a yanke. Ƙafar birki ce kuwa.

Kafin ciwon ya warke, Baba ya ɗinka masa takalmin fata mai faɗin gaba, ya shimfiɗa ulun tunkiya a ciki don kada sanyi ya sake kai shi ga salansa, ya naɗe matakin babur ɗin da robar taya saboda jijjiga.

Baba, kai ne mai duban ƙafa kafin takalmi. Ka zage mu, ka kore mu, ka raba mu da ciwo. Yanzu ido ya yi rauni, ka ce wannan watan za ka rufe shago, kuma wallahi abin ya taɓa ni. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu ɗinki da ke tasowa, ku riƙa cewa a cire safa ko da mai ita zai yi fushi.

Jiya na ga Arbey ya gangaro da madararsa. Ya taka birki a ƙofar kasuwa, ya sauka ya tsaya da ƙafafunsa biyu.