Ƙurar Silin a Ƙirjin Kawu

Tsoro ya kama Auta ne a lokacin da Kawu ya ɓalle allon silin na farko ya miƙo mata daga kan tsani. Ta duba gefen da ya karye, ta ga wasu siraran zarurruka kamar furfura. Ta san su. A aji aka nuna musu su, tare da hoton huhun mutanen da suka daɗe suna shaƙar ƙurarsu. Asbesto ne. Kafin ta buɗe baki sai Kawu ya yi tarin nan nasa, busasshe, wanda mutanen gida suka saba da shi har ba sa jin sa.

"Kawu, sauko."

"In sauko in yi me, Injiniya? Ke kika ce a buɗe, yanzu kuma tausayin ɓeraye ya kama ki?"

Kawu ƙanin mahaifiyarta ne, kafinta ne tun kafin a haife ta. Ba ya kujera, ba ya gado, aikinsa na sama ne, rufi da silin. Maƙwabta kan ce sun fi sanin tafin ƙafarsa a kan fuskarsa. Da mahaifinsu ya rasu shi ya tsaya musu, shi ya riƙa kai ta makaranta a bayan babur, kuma da ta samu gurbin karatun gine-gine shi ya haɗa mata teburin zane da ragowar katako. Yana da ɗabi'a ɗaya wajen aiki: in ya ja layi da fensir ya fara yanka allo da zarto, ƙura ta rufe layin, sai ya sunkuya ya hure ta da baki ya ci gaba. In aka ba shi buroshi sai ya ce Allah ya ba shi zugazugi kyauta. Auta ta taso tana kallon wannan hurawa tana dariya. Yanzu ita take lissafawa a ranta, gida nawa, shekara nawa.

Aikin falon kuwa nata ne. Tun da ta gama karatu take zaune ba aiki, tana kallon silin mahaifiyarta Umma da ya lotsa a tsakiya, ga tabon yoyo, ga zafi da rana kamar a tanda. Ta leƙa ta ƙofar silin ta ga kwanon yana can sama. Sai ta zana: a cire allunan, a bar katakon rufi a fili, a shimfiɗa abin tare zafi a ƙarƙashin kwano, a fasa 'yar taga a sama don iska ta fita.

Ta yi wa Kawu bayanin illar ƙurar, ta ce su je asibiti. Ya saurara yana kaɗe hularsa.

"Tarin nan tun kina goye nake yin sa. Asibiti kuma ba ni ba shi."

Umma ta roƙe shi, ya ce Yaya ki bar yarinya da karatunta. Auta ta rasa yadda za ta yi, sai ta ɗauke tsanin ta kulle a ɗakinta. Ta san kawunta. Bai taɓa barin rufi a buɗe ya tafi wani aiki ba, abin kunya ne a wurinsa.

"Ni na zana, ni ke da aiki. Ramin nan zai zauna haka har sai an ɗauki hoton ƙirjinka."

Ya ɗaga kai ya kalli ramin, baƙi ƙirin a tsakiyar falon yayarsa, inda duk baƙon da ya shigo zai tambayi wane kafinta ne ya yi wannan. Ya jure iya jurewarsa. Wata safiya sai ga shi da wankakkiyar riga.

"Tashi mu je, ja'ira. Amma ke za ki yi musu Turancin."

A asibiti aka ɗauki hoton ƙirjinsa, likita ta duba ta ce akwai wani duhu a gefe ɗaya. Ta ce kada su tayar da hankali, yana iya zama tsohon ciwo mai magani, kuma sun kyauta da suka zo yana da ƙarfinsa. Aka tura shi ɗaukar wani babban hoton da ya fi nuna cikin huhu, aka ɗebi majinarsa.

Sauran allunan, masu kayan kariya aka kira. Suka kwashe Umma da kayanta, suka jiƙa kowane allo da ruwa, suka zare shi ɗungurungum ba tare da an fasa ba. Kawu na zaune can tsakar gida da takunkumi a hanci, yana ta ba da umarnin da ba a nema ba.

Da aka wanke falon, aka fasa tagar, suka shiga. Katakon rufi lafiya lau, ko gara ba ta taɓa shi ba. Haske ya sauko ta sabuwar tagar har kan kujerar Umma, ita kuwa sai ɗaga kai take tana cewa ashe haka gidanta yake da tsawo. Kawu ya zagaya ya zagaya, sannan ya ce wa Auta akwai wani mai gida da ke son irin wannan, ya riga ya gaya masa yana da injiniya.

Har yanzu Auta kan ruga ta ɗauka in waya ta yi ƙara. Kawu yana shan maganin da aka ba shi, yana cin abinci sosai. Sakamakon babban hoton bai fito ba tukuna. Asibiti sun ce za su kira.