Gidanmu da Dogon da Baffa Ya Hango

Kontagora ba ta da jirgin ƙasa. Garinmu hanyar mota ce ta raine shi, kowace unguwa ta juya fuskarta wajen kasuwa da tashar mota. Gidan ubanmu yana nan cikin tsohon gari, inda Inna ta zauna tun tana amarya.

Bayan rasuwar Baba, ƙaninsa da muke kira Baffa ya zo da takarda. Ya yi aikin reluwe a Zungeru har ya yi ritaya, don haka in ya yi maganar dogo ba mai musa masa. Ya ce ya ji za a kawo layi ta bayan gari, kuma duk inda aka kafa tashar jirgi, can gari yake komawa. Ya gani da idonsa a Minna. Shawararsa a sayar da gidan, a sayi fili can, Inna ta koma haya kafin a gina.

Yayyena maza biyu sun sa hannu. Saura ni. A gidanmu mata dangwale suke yi, ba a karanta musu komai. Baffa ya turo mini tawada.

Lokacin shekarata biyu a ajin yaƙi da jahilci, da jikoki uku. Na ce, "Baffa, ku ba ni in karanta."

"Ke da kika koyi baƙi jiya?"

"Shi ya sa zan daɗe. Ku ba ni mako guda."

Takardar ba ta da aibu, sayarwa ce kawai. Ni dogon nake so in gani. Na hau mota zuwa Tegina, na canza ta Zungeru. Na tambayi tashar jirgi, wani mai faci ya nuna mini da baki. Na iske awaki kwance a inuwar ginin, ciyawa ta fito tsakanin ƙarafan dogo. Masu doya, masu kifi, masu shayi, duk suna can bakin kwalta suna tare motoci. Wata mai tuwo ta ce uwarta a tashar ta yi sana'a, ita kuwa ta dawo bakin kwalta inda direbobi suke tsayawa.

Na dawo na faɗa a zaure, gaban mai unguwa. Na ce Baffa bai yi ƙarya ba, garin da ya sani ne ya tashi daga inda ya bar shi. Na ce ko jirgin ya zo, ba zan fitar da tsohuwa daga ɗakinta saboda jita-jita ba, kuma ba zan sa hannu ba.

Mai unguwa ya ce gidan gado ba ya sayuwa in magaji ɗaya ya ƙi. Baffa ya naɗe takardarsa, ya yi wata uku ba ya amsa gaisuwata.

Ranar da muka yi zaman nan, da na shiga cikin gida, na tarar Inna ta riga ta ɗaure kwanukanta a zani, ba ta gaya wa kowa ba. Na zauna a ƙasa muka kwance su tare, tana nuna mini inda kowanne yake zama.