Marmaron da Zósimo Ya Ɓoye

A ƙauyen Huishca, in ka ce kana son ratsa gandun duwatsun Huascarán da ƙafa, wajen Zósimo Caururo za a tura ka, kuma tun a hanya za a gargaɗe ka cewa sai ya zazzage maka kaya. Jakuna huɗu gare shi, shekara arba'in yana bin duwatsun nan da baƙi. Kafin ya ɗora wa jaki akumari, dole baƙo ya baje komai nasa a kan bargo a tsakar gida. Cewa yake yi don ya daidaita nauyi hagu da dama, kada jaki ya yi miki. Gaskiya ne, amma rabinta ke nan. Bincike yake yi, har ya fi ɗan kwastan bin ƙwaƙƙwafi.

Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Yana saurayi ya taɓa raka wani baƙo mai fara'a kwana bakwai, mutumin yana ta ƙwanƙwasa duwatsu da 'yar guduma, wai sha'awa ce. Bayan shekara uku sai ga masu haƙar ma'adinai a kwarin da ke maƙwabtaka da su. Rafin can ya mutu, mutanen kwarin suka watse. Babu wanda ya taɓa ɗora wa Zósimo laifi, shi ya ɗora wa kansa, kuma har ya yi furfura bai sauke ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake. Tun daga nan ya zama mai gadin da ba wanda ya naɗa, yana tsaron marmaron da ke ɓuɓɓugowa a gindin ƙanƙarar da ke daskare a kan dutse, wanda duk Huishca ke sha, mutum da dabba da gonar dankali.

Wata safiya cikin watan Yuni, motar garin Huaraz ta sauke wata 'yar birnin Lima mai suna Maritza Olórtegui. Ta shimfiɗa taswira a teburin tsakar gidan Zósimo, matarsa Eleuteria ta kawo musu soyayyar masara da cuku.

"Don Zósimo, kwana shida nake so," in ji baƙuwar, ta sa masa laƙabin "Don" na girmamawa. "Ranar farko mu yada zango nan, ta biyu nan."

Ya duƙa ya bi yatsanta da kallo. "Señorita, nan ai fadama ce, ba komai sai ƙuda da kashin shanu. Masu zuwa tafki suke nema da ƙolin dutse, su ɗauki hoto su tura wa dangi."

"Ni ba hoto ya kawo ni ba. Ruwa nake aunawa."

Da aka baje kaya, sai ga akwati ɗauke da ƙananan kwalabe sittin, ba komai a ciki, kowace da lambarta. Zósimo ya tsura musu ido. Ya tambayi wanda ya aiko ta, ta ce jami'a, ta miƙo takarda mai hatimi. Bai ko karanta ba, don mai gudumar nan ma da takardarsa ya zo, hatiminta biyu.

"Ƙanƙara tana ja da baya," ta ce. "Dutsen da ta daɗe tana rufewa ya fito fili, in ya sha iska da ruwa sai ya yi tsatsa, ya ɓata rafi. So nake a san rafukan da ke cikin haɗari tun da wuri. Ku nan daga ina kuke sha?"

Tambayar da yake jira ke nan, amsarta kuwa tuni tana bakinsa.

"Mu? Rafin ƙasa, wanda kika tsallako a gada."

Eleuteria ta yi masa wani kallo. Tana ganin baƙuwa ta zagaya wajen jakuna, ta matso.

"Tsoho, ƙarya da furfura? Rafin ƙasa ai ko wanki ba ma yi da shi."

"Rage murya. Ɓarawo ba ya zuwa da maroƙi."

"Dubi takalminta a fashe. Wane kamfani ne zai aiko mai fasasshen takalmi?"

"Ai wayon ke nan."

Tafiyar kam ya tsara ta tsaf, don Zósimo ba ya wasa da sana'arsa: inda jakuna za su sami ciyawa, ranar hutu don numfashinta ya saba da tudu, dankali da shinkafar kwana bakwai ko da hanya ta yi gardama. A rana ta huɗu kaɗai ya yi ha'inci. Hanyar ta bi ta bakin marmaro, sai ya ce zaftarewar ƙasa ta cinye ta, ya zagaya da ita ta wani mashigi, ya ƙara wa tsofaffin gwiwoyinsa wahalar rabin yini. Kwana shida yana sa mata ido. Ba ta ɗauki ko tsakuwa ba, ta cika kwalabenta, ta yi godiya ta tafi. Rashin kama ta da komai ya ƙara tabbatar masa cewa gwana ce.

Ashe gaskiya ta faɗa. Bayan shekara biyu aka turo ma'aikata su haƙa tafkunan tace ruwa a ƙauyukan da sakamakonta ya nuna, har da Huishca. Suka haƙa nasu mai kyau, suka dasa ciyayi, a kan rafin ƙasa wanda ba mai sha, suka kwashe kayan aikinsu suka wuce gaba. A daminar da ta biyo baya duwatsun bakin marmaro suka fara yin ja, mata suka fara cewa ruwan yana ɗanɗanon ƙarfe.

Aka kira taron gari ranar Lahadi bayan coci. Shugaban ƙauye ya ɗaga takardar aikin, ransa a ɓace.

"An rubuta a nan cewa mutumin Huishca ne ya ce rafin ƙasa muke sha. Wane ne?"

Aka shiga kallon juna, kowa yana zargin na kusa da shi. Eleuteria ta sunkuyar da kai, ba za ta tona mijinta ba. Zósimo ya cire hularsa, ya dafa kafaɗarta, ya miƙe tsaye.