Gwangwanaye Biyu na Orval Stensrud

Duk wanda ya san Orval Stensrud a ɗan garinsu na Montana ya san abu biyu game da shi: ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa gireda, motar baje hanya, a hanyoyin karkara, kuma bai taɓa sayen harsashi a shago ba. Da hannunsa yake ɗura nasa a gareji. Ya tsinto kwanson da aka harba, ya wanke, ya gyara masa baki, ya auna albarushi ya zuba, ya ɗora kan harsashi. In ka yi kuskuren tambayarsa yadda ake yi, to ka nemi kujera, don kofinka zai huce bai kai rabi ba.

Aƙidarsa guda ce, ba a cakuɗa kwanso. Kowane kamfani da ɗan tambarinsa a gindin kwanson tagullar, kuma iri biyu yake amfani da su, mai tambarin kofato da mai tambarin ganye. Mai kofato kauri gare shi, cikinsa a matse. Mai ganye siriri ne, yana cin albarushi da yawa. Ka zuba awon mai ganye a cikin mai kofato, bindiga za ta iya tofa maka wuta a fuska. Shi ya sa ya ajiye tsofaffin gwangwanayen kofi biyu, ja na mai kofato, shuɗi na mai ganye.

Sai ido ya fara yi masa gardama. Tambarin nan da bai fi ƙwayar gero ba ya koma masa dishi-dishi, ko da tabarau.

Matarsa Wanetta ba ta taɓa ƙaunar garejin ba. Ta ce warinsa ya bi labule, ta ce ya fi sanin tarihin kwanso a kan ranar aurensu. Da suka dawo daga wajen likitan ido, ko jakarta ba ta ajiye ba ta kafa masa doka.

"Tsoho, ka ji ni da kyau. Ranar da ka cakuɗa su, ranar zan sa wa garejin nan kwaɗo."

"Ke dai tsohuwa, ina ruwana da ido? Yatsuna sun san su. Ko a cikin buhu aka sa ni zan ware su."

A baki ya yi dariya, amma maganar ta tsaya masa a rai. In aka rufe garejin, bai san abin da zai yi da hannuwansa ba.

Daga nan ya koma ware su da laluben yatsa. Ya ɗaga, ya jinjina, ya jefa a ja ko a shuɗi. Kuma abin mamaki, harsasansa suka ci gaba da tafiya daidai. Barewar da ya samu a kakar nan ma harbi ɗaya ya yi mata. Sai kai ya kumbura. Kullum da safe a gidan shan kofi sai ya ba Dewey Pruitt, abokin farautarsa, labarin yatsunsa.

"Mutumina, kai da ka gaisar da akwatin wasiƙa jiya?" in ji Dewey.

"Ya fi ka fara'a ne."

Wata safiya ya tarar da gidan kofin a rufe, famfonsu ya fashe. Ya juyo gida tun kafin lokacin da ya saba. Ƙofar gareji a buɗe. A kan kujerarsa ga Wanetta da rigar sanyi, gilashin ƙara girma da take ɗinki da shi a hannu, ta zazzage gwangwanayen biyu a gabanta. Tana duba gindin kowane kwanso, tana cire waɗanda ya jefa a gwangwanin da ba nasu ba tana mayar da su inda ya dace. Tsibin da ta cire ba ƙarami ba ne.

Orval ya tsaya riƙe da hularsa. Kunya ta kama shi, tsoro ya biyo baya, don ya san abin da tsibin nan zai iya yi wa fuskar mutum.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

"Tun bazara." Ba ta ko ɗago ba. "Yatsun nan naka, ko cokali da wuƙa ba na jin za su bambance."

Ya dubi kwaɗon da ke rataye a ƙusa. "To ga shi can. Ai kin faɗa."

"In rufe ka dawo mini kicin ka wuni kana buɗe tukwane? Allah ya kiyaye." Ta share hanci da bayan hannu, muryarta ta ɗan sauka. "Na ga yadda ka koma lokacin da masu aikin hanya suka karɓe maka giredar. Ba zan sake kallon wannan ba."

Ya fita, ya dawo da kujerar kicin, ya ajiye kusa da ita ya zauna. Ya ɗauki kwanso ɗaya, ya jinjina shi kamar yadda ya saba, har ya nufi gwangwanin shuɗi. Sai ya tsaya, ya miƙa mata.

"Wannan fa?"

Ta kanga gilashi. "Mai kofato."

Ya jefa shi a ja, ya ɗauko wani ya miƙa mata.