Ranar da Aka Kama Motar Masai da Kayanta

Wahala dai mun sha ta a shekarar korona, ba sai an yi mata ado ba. Amma a cikin kwanakin kullen nan akwai yini guda da ko tsufa ya cinye ni ba zan manta da shi ba.

Ni direban motar kwasar masai ne, a Rigasa nake zaune. Aji huɗu na tsaya a firamare, motar kuma ba tawa ba ce. Da aka kulle gari, sai rediyo ta dinga cewa kowa ya yi aikinsa daga gida. Na dubi matata na ce, "To, kin dai ji. Gobe zan fara kawo aikin tsakar gida." Ta ce in na kuskura, in nemi wani gidan.

Abin da masu rediyon ba su tuna ba shi ne, mutum in yana zaune a gida ci yake yi. Gidan da a da ba kowa da rana, yanzu mutum goma ne a ciki safe da yamma. Sati uku da kulle sai ga kiran wani Alhaji daga Kinkinau, babban ma'aikacin gwamnati, wanda na daɗe ina yi wa aiki.

"Malam direba, ka taimaka, abin ya fara dawowa ta banɗaki."

Na ce, "Alhaji, hanya fa a tsare take, kuma ba ni da takardar fita."

Ya ce, "Haba! Ai ina cikin kwamitin da ke duba irinku. Ka zo kawai, takarda ba matsala ba ce."

Buhun masarar gidana ya kusa ƙarewa, sai na tafi ta lunguna. Na zuƙe ramin tas, Alhaji yana leƙo ni ta tagar bene da takunkumi a fuska, kamar ni ne cutar. Da na tambayi takarda, ya ce za a turo mini ta waya. Wayar tawa kuwa 'yar ƙarama ce mai tocila, da kyauro ma na ɗaure ta.

Tanka cike ba ta bin lungu, dole na hau titi. Ban yi nisa ba na faɗa shingen jami'an tsaro. Ogansu ya ce ina takarda, na ce tana hanya. Ya ce in faka a gefe in miƙo makulli.

Na ce, "Oga, motar nan fa da kaya."

"Ko zinariya ce, nan za ta kwana."

Na yi masa bayani cewa famfon bayan tankar ya lalace, da tsohuwar roba nake ɗaure shi, kuma sai ana ƙara ja lokaci-lokaci. Ya ce shi ba makanike ba ne. Aka zaunar da ni ƙarƙashin bishiya tare da sauran masu laifi irina, mai faci da mai tura ruwa da wani tsoho mai sayar da gawayi, muna jiran alƙalin da ke shari'a a cikin rumfa nan gefe.

Na kira mai mota. Maganarsa ɗaya ce: in motar ta kwana a hannun hukuma, in nemi wani aikin. Na kira Alhaji, sai a karo na huɗu ya ɗauka, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Ina mitin a kwamfuta. Kan yadda za a tallafa wa ma'aikatan da ba sa iya aiki daga gida ne ma. Zan kira ka."

Mai tura ruwan da ke zaune dab da ni ya ji komai. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Baba, yi shiru kada ka dame su, kai ake tallafa wa."

Zafin bazara ake yi, irin wanda kwalta ke narkewa. Ni na san robata, na san iya haƙurinta. Bayan azahar kaɗan, daidai lokacin da aka kawo wa jami'an abincinsu, ta saki. Ba da yawa ba, ɗigo-ɗigo ne, amma iska ta juyo. Wanda ya fara buɗe kula ya mayar ya rufe. Ƙudajen unguwar kaf suka hallara. Alƙali ya ɗora takunkumi na biyu a kan na farko, ya dubi agogo, ya ce an ɗage zama, kowa ya tafi kada ya sake. Tsohon mai gawayi ya riƙe hannuna yana ta sa mini albarka.

Oga ya jefo mini makulli daga nesa. "Kai, ɗauke abinka ka bar nan!"

Na ce, "Oga, ai ba ni da takarda. In na yi gaba, na gaba za su kama ni. Gara in bi doka in zauna."

Wallahi sai da ya haɗa ni da jami'i a kan babur, yana gaba yana buɗe mini shinge har wurin da muke juye kaya. Tun da nake, ban taɓa samun rakiya irin ta manya ba sai ranar.

Abin da na koya shi ne, mu masu irin wannan aiki ba a tuna mu don tausayi. Na yi magana da ladabi, ba wanda ya ji. Sai da abin ya isa hancinsu kowa ya san ina da amfani.

Da la'asar Alhaji ya kira. Bai tambayi yadda na ƙare ba, cewa ya yi ramin ɗakunan baya ma ya cika, in zo gobe. Washegari na je da sassafe ta lunguna, na faka a ƙofar gidansa, na kashe mota, na miƙe ƙafa. Ban sauke tiyo ba sai da ya sauko daga benen da kansa, ya miƙo mini takardar hannu da hannu.