Sama'ilu da Kifin Tafkin Bayan Dutse

Yayana Sama'ilu mai hoto ne a Kazaure. Shagonsa yana bakin kasuwa, da labule mai zanen jirgin sama. A shekarun da kuɗin fetur ya fara shigowa, duk wanda ya sayi babur ko rediyo sai ya zo an ɗauke shi da abinsa. Da wannan shago yake ciyar da matarsa Dela da 'ya'yansu, da shi kuma ya riƙe ni har na gama sakandare. Ba shi da wata sana'a. Ko fartanya bai iya riƙewa ba.

Kifi ne ya ja masa. Wani malamin makaranta ya bar masa mujallar Turawa mai hoton kifi yana iyo a ƙarƙashin ruwa. Yaya ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin kifi ba sai matacce, a faranti ko a kwandon mai banda. Ya tasa ni gaba in karanta masa bayanin kyamarorin da ruwa ba ya shiga. Iri biyu ne: akwai akwatin da ake sa kyamara a ciki a ɗaure, akwai kuma wadda ita kanta a toshe take.

Muka tafi Kano tare, kantin wani Kwara, cikin Larabawan nan 'yan kasuwa. Yaya ya juya wannan, ya juya waccan, sai ya ce a kawo bokiti.

"Bokitin me, Malam?" in ji mai kanti.

"Mai sayen tulu ai sai ya zuba ruwa ya gani."

Mai kanti ya yi dariya, ya sa aka kawo. Aka tsoma akwatin da takarda a ciki, ta fito da lema a gefe. Aka tsoma toshasshiyar kyamarar, aka buɗe, ko ɗigo babu. Ita ya saya. Da muka dawo gida Dela ta dube ta, ta ce, "To Malam, su tarwadar ne za su zo karɓar hotonsu, ko kai za ka kai musu?"

Kyamara ta samu, saura ruwa. Duk kududdufan da ke kusa da mu jajaye ne, ba ka ganin tafin hannunka a ciki. Wuri ɗaya ne ruwansa ke kwanciya garau, wani tafki a bayan dutse ta hanyar Roni. Tafkin yana hannun Sarkin Ruwa, wani dattijo da ake kira Kawu, kuma al'adarsa sananniya ce: daga ɗaukewar damina ba mai shiga sai ranar da Kawu ya buɗe su, wato kamun kifin gayya, kowa ya faɗa a tare. Yaya ya je ya durƙusa masa.

"Baba, ba kamu zan yi ba. Kallo kawai."

"Ɗana, ɓarawo ma da kallo yake farawa. Ka bari sai ranar su."

Ya bari. Ranar su, maza suka faɗa da homa da gora, kafin a ce me ruwa ya koma kamar kunun kanwa. Yaya ya ƙarar da fim ɗinsa. Da ya wanke, babu komai sai toka-toka. A nan ya gane cewa ruwan ba ya garau sai lokacin da aka hana shigarsa.

Na san abin da yake saƙawa. Na ce, "Yaya, masu zuwa shagonka su ne masu tafkin nan." Ya ce ai ko sili ɗaya ba zai taɓa ba, wa zai cuta? Bayan damina ta gaba ya shiga da rana tsaka. Wasu mata masu itace suka gan shi yana nutso yana fitowa da abu a wuya.

Shekarar ce ta babban fari. Tafkin ya janye tun kafin bazara, da aka buɗe su ba a samu abin kirki ba. Duk mai hankali ya san ruwa ne bai sauka ba, har cikin Nijar shanu suna mutuwa. Amma mai yunwa yana son wanda zai nuna da yatsa. Aka ce mai hoto ya kwashe kifin a akwatinsa. Kawu bai taɓa faɗin haka ba. Abin da ya ce kawai, "Ya shiga ba izini." Wannan kuwa gaskiya ce.

Mutane suka fara ɗauke ƙafa. Sai Yaya ya yi wautar da ta fi ta farko. Ya wanke hoton kifin da ya ɗauka a tafkin, babba, ya rataye a ƙofar shago, wai idan suka ga kyawunsa za su huce. Mutane suka taru kam, suna nunawa: "Ga su nan, ga kifinmu!" Ranar Sallah, da a da sai an yi layi, ya wuni shi kaɗai da labulensa.

Ya rufe shagon, ya kwashe iyalinsa zuwa Kano. Can ya ƙare rayuwarsa yana wanke hotunan wasu a ɗakin duhun wani. Allah ya jiƙansa.

Hoton yana wurina. Karfasa biyu ne, da gashin bakin tarwada a gefe, haske yana sauko musu daga sama. Ya yi kyau, ba na musu. Amma bai kai darajar shago ba.