Mai Igiya a Kasuwar Doguwa

Akwai wani mutum a kasuwar Doguwa, yana zaune a gindin tsamiya kusa da masu nono, da igiyoyi huɗu a gabansa. Siriri ne, rigarsa ta koɗe, hularsa ta sauko har gira. Tun hantsi nake kallonsa, ko sau ɗaya bai yi talla ba. Idonsa na kan igiya, amma kunnensa na wajen Fulanin da ke hira a bayansa. Ina jin ba igiyar nan ke ciyar da shi ba.

Ga wani ɗan doka nan tafe, kulki a hammata. Ko ni na san ƙa'idar aikinsu: wanda ke kawo musu labari, ba a nuna an san shi a cikin jama'a. Amma sai ya tsaya, ya dafa kafaɗar mutumin.

"Sannu da ƙoƙari, Maikano. Mun sami Hamman a rugar da ka faɗa. Yana ɗaure."

Ya wuce abinsa. Fulanin suka juyo suna kallon Maikano.

Wata tsohuwa mai nono ta dama fura a hankali, ta kawo ƙwaryar gaban Maikano, ta durƙusa. Na kusa da ni ya raɗa mini, "Uwar Hamman ce."

"Sha, Malam," in ji ta. "Kyauta ce."

Ya ɗauki ludayi. Har yanzu yana hannunsa, bai kai baki ba, bai ajiye ba. Ita kuwa tana durƙushe, tana jira.